Shin “fure” aikatau ne a cikin jumlar “bishiyar tana fure”?

Wata malama mai koyar da Hausa ta aiko da tambaya. Ta ce ta ba ɗalibanta jumlar “bishiyar tana fure” domin su fitar da azuzuwan kalmomin da ke cikinta, sai kusan dukkansu suka rubuta cewa “fure” aikatau ne. Da ta ce musu suna ne, wani yaro ya tambaye ta dalilin da ya sa kalmar ta zauna daidai inda “bushewa” ke zama a cikin “bishiyar tana bushewa”. Ta kuma nemi a bambance mata “fure” da “fulawa”, a kuma gaya mata ko “ƙamshi” sifa ce, tun da kowa ya san da ita ake siffanta fure.

Malama, hukuncin da kika yanke daidai ne, domin “fure” suna ne a wannan jumla da kowace jumla ta Hausa. Sai dai yaron nan ya cancanci yabo, saboda ya dubi gurbin da kalma ta zauna, kuma wannan shi ne abin da mai nazarin nahawu ya kamata ya fara dubawa. Abin da ya ruɗe shi shi ne lokacin da aka gina jumlar a kansa. A lokaci mai ci, wato bayan “yana”, “tana” da “suna”, Hausa ta yarda a shafe aikatau “yi” idan sunan da ke biye da shi yana nuna wani aiki ko wani hali da ke gudana. Cikakkiyar jumlar ita ce “bishiyar tana yin fure”, kamar yadda “yaro yana barci” ta samo asali daga “yaro yana yin barci”. Hanya mafi sauƙi ta nuna wa ɗalibai wannan ita ce a mayar da jumlar zuwa shuɗaɗɗen lokaci. Aikatau na gaskiya yana bin zagin aikatau, wato irin su “ya” da “ta”, kai tsaye, a ce “furen ya bushe” ko “furen ya buɗe”, amma babu Bahaushen da zai ce “bishiyar ta fure”. Dole “yi” ya dawo wurinsa a ce “bishiyar ta yi fure”, haka kuma “ba ta yi fure ba”, “za ta yi fure”, “takan yi fure”. Duk kalmar da sai ta jingina da “yi” kafin ta zauna bayan “ya” ko “ta” na shuɗaɗɗen lokaci, to ba aikatau ba ce.

Akwai kuma abin da ya kamata a ƙara gaya wa yaron. Ita kanta “bushewa” da ya kafa hujja da ita ba tsurar aikatau ba ce, sunan aikatau ce, wato “bushe” da aka liƙa wa ɗafa-ƙeyar “-wa”, shi ya sa ake iya cewa “bushewar furen” da mahaɗi, wato “-n” ko “-r” mai haɗa suna da abin da ya biyo shi, kamar kowane suna. Ashe ke nan gurbin da ke bayan “tana” gurbi ne da sunaye suka saba zama a cikinsa, don haka zaman “fure” a wurin bai fitar da kalmar daga ajinta ba.

Wannan gwaji na “yi” yana warware matsayin kalmomi da dama na wannan fanni a lokaci guda. “Huda”, wadda manomi ke faɗa idan wake ko mangwaro ya fara fid da fure, suna ce ta jinsin mace: “waken ya yi huda”, “hudar bana ta yi yawa”. A kula kada a haɗa ta da “huɗa” mai lanƙwasa, wadda aikin garma ce, ko da aikatau “huda” na ɓula abu. “Toho”, wato sabon ganyen da ke fitowa, suna ne namiji, “itacen ya yi toho”. “Yaushi” ma haka yake, ana cewa “furen ya yi yaushi”, ba a cewa “furen ya yaushi”, alhali “yanƙwane”, wadda ma'anarta ta yi kusa da ita ƙwarai, aikatau ce cikakkiya, “furen ya yanƙwane”. Ga kalmomi biyu masu bayyana hali kusan ɗaya, ɗaya suna, ɗaya aikatau, kuma a ganina babu misalin da ya fi wannan nuna wa ɗalibi cewa ma'ana kaɗai ba ta isa a yanke wa kalma aji ba.

Tun da an tabbatar “fure” suna ne, sai a dubi jinsinsa da adadinsa. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce sunan da ya ƙare da wasalin “a” yawanci mace ne, wanda ya ƙare da sauran wasula kuwa namiji ne. Saboda haka “fure”, “ganye”, “reshe”, “wardi”, “bado” da “lambu” duk maza ne, “fulawa”, “huda”, “ƙaya”, “saiwa” da “bishiya” kuwa mata ne. Akwai 'yan kalmomin da suka kauce wa ƙa'idar, kuma biyu daga cikinsu suna yawan fitowa a zancen furanni, wato “kara” da “ruwa”, waɗanda suka ƙare da “a” amma maza ne, shi ya sa ake cewa “karan fure” da “ruwan wardi”. Jinsin nan ba a jikin sunan kaɗai yake tsayawa ba, yana bin duk abin da ya raɓi sunan a jumla. Mafayyaci yana ba da “wani fure” da “wata fulawa”, tsigilau yana ba da “ɗan fure”, “'yar fulawa” da “'yan furanni”, dirka tana ba da “fure ne” da “fulawa ce”, mallaka kuma tana ba da “furena” da “fulawata”, “furenki” da “fulawarki”. Gajeriyar mallaka a haɗe ake rubuta ta da sunan, doguwa kuma a rabe, kamar “furen nan nawa ne”. A jam'i bambancin jinsi yana ɓacewa gaba ɗaya, duk abin da ya zama jam'i yana ɗaukar “-n” da “ne”.

Jam'in “fure” shi ne “furanni”. Ana cire wasalin ƙarshe a sa “-anni”, kamar yadda “wata” ke zama “watanni”, “manzo” ya zama “manzanni”, “kaka” ta zama “kakanni”, don haka rubuta “furenni” kuskure ne. “Fulawa” kuwa jam'inta “fulawoyi”, ta bi tsarin “mota” da “motoci”, wanda ake maimaita baƙin ƙarshe tsakanin “o” da “i”, kuma shi ne tsarin da yawancin kalmomin aro ke faɗawa cikinsa. Da an bi maimaicin sau da ƙafa da “fulawowi” za a samu, amma “w” yana komawa “y” a gaban wasalin “i”, kamar a “kasuwoyi” da “saiwoyi”. Wani abin lura kuma shi ne Bahaushe bai cika ambaton jam'i ba idan yana maganar abin da tsiro ya fitar a dunƙule. Bishiya tana iya rufewa ruf da dubban furanni, amma “ta yi fure” za a ce, idan aka ji wani ya ce “ta yi furanni” to galibi fassara ce ta ratsa harshensa. Jam'in yana dacewa ne inda ake ƙirga ɗaiɗaiku ko ake nufin iri daban-daban, kuma ko da ma'auni, “fure uku” da “furanni uku” duka karɓaɓɓu ne.

Bambancin “fure” da “fulawa” ya wuce na jinsi. “Fure” tsohuwar kalmar Hausa ce, tana nufin ɓangaren tsiro da ke buɗewa kafin a sami ɗa ko iri, ko a lambun ado yake, ko a gona, ko a daji. A karin harshen yamma, kamar na Sakkwato, da kuma wurare da yawa a Nijar, “hure” ake cewa, domin “f” yana komawa “h” a gaban “u” da “o”, kuma wannan canji ne ya sa ake jin “tofo” da “toho” duka biyu. “Fulawa” kuwa aro ce daga Turanci, kuma da ta shigo sai ta kama nata wuri, ta fi tsayawa a kan shukar da aka dasa don ƙawa da kuma furen roba ko na takarda. Har shukar da ake yi wa aski a bakin shinge, wadda ganye zalla gare ta, fulawa ake ce mata. Wannan ne ya sa jumlar “fulawar ta yi fure” take da ma'ana sosai, ba maimaici ba ce, alhali ba wanda zai kira abin da kabewa ta fitar a gona fulawar kabewa. Akwai wata “fulawa” ta garin alkama, ita ma daga Turanci, inda kalmomin biyu suke da furuci ɗaya, amma ita wannan ba a ƙirga ta, saboda haka ba ta da jam'i.

Mahaɗi shi ne wurin da na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe, kuma a nan nake so ki ɗan daɗe tare da su. A cikin “furen kabewa”, mahaɗin “-n” yana bin jinsin kalmar farko ne, wato “fure”, bai damu da cewa “kabewa” mace ce ba. Kuma kalmar farkon ita ce kan yankin, ita ce zagin aikatau zai yi wa biyayya, don haka “furen kabewa ya buɗe” ake cewa, kamar yadda ake cewa “hudar mangwaro ta zube” ko da yake “mangwaro” namiji ne. Mai gaggawa yakan bi sunan da ya fi kusa da aikatau ya rubuta “furen kabewa ta buɗe”, wannan kuwa kuskure ne bayyananne. Madanganci, wato “-n” ko “-r” da ke nuna an riga an san abin da ake magana a kai, shi yana bin kalmar da ya liƙe mata, shi ya sa ake samun “furen kabewar ya buɗe”, da “-n” a farko da “-r” a ƙarshe da “ya” a gaba, kowanne da dalilinsa. A rubutu mahaɗi da madanganci kamarsu ɗaya, amma kunne yana raba su. Ki furta “furen wardi” sannan ki furta “na ga furen”, za ki ji gaɓar ƙarshe ta tsaya a sama a na farko, a na biyu kuwa muryar ta faɗo. Haka nan wasalin “e” yana gajarcewa idan gaɓa ta rufe da baƙi har ya yi kusa da “a”, shi ya sa yara ke rubuta “furan” da “ganyan”, kuma “n” yana nashewa ya zama “m” a gaban “b”, a ji kamar “furem bado”. Daidaitacciyar Hausa ba ta bin furuci a waɗannan wurare, “furen bado” ake rubutawa.

Wani lokaci irin wannan yanki yakan daskare ya zama harɗaɗɗen suna mai ma'anar da ta wuce ta kalmominsa. “Furen juji” a zahiri fure ne da ya fito a kan juji, amma an fi amfani da shi ga abin da ke da kyan gani alhali tushensa ba shi da kyau. Idan aka siffanta mace da fure, dirka tana bin wadda ake magana a kanta, a ce “yarinyar nan fure ce”, ba tare da kalmar “fure” ta canza jinsinta ba.

Game da “ƙamshi”, wadda wasu ke rubutawa “ƙanshi”, amsar ita ce suna ne. Sifa ta gaskiya a Hausa tana da halaye biyu da ake gane ta da su: tana iya zuwa gaban suna da mahaɗi ko bayansa ba tare da mahaɗi ba, kuma yawanci tana canza siga ta bi jinsi da adadi. Ana cewa “farin fure” ko “fure fari”, “farar fulawa”, “fararen furanni”, haka “sabon fure”, “sabuwar fulawa”, “sababbin furanni”. “Ja” ba ta da sigar mace ta daban, amma mahaɗi yana tona jinsin, “jan fure” da “jar fulawa”, jam'i kuma “jajayen furanni”. Idan aka gwada “ƙamshi” a wannan gurbi aka ce “ƙamshin fure”, ba a siffanta furen ba, an koma maganar ƙamshin ne da kansa. Kafin wannan suna ya yi aikin sifa sai an kawo masa “mai”, a ce “fure mai ƙamshi”, “furanni masu ƙamshi”, a korewa kuma “fure maras ƙamshi”, “furanni marasa ƙamshi”, ko a gina jumla da “da”, a ce “furen yana da ƙamshi”, “ba shi da ƙamshi”. Kalmar tana cikin wani rukuni na sunaye da masanin nahawun Hausa F. W. Parsons ya yi bayaninsu a 1955, masu nuna abin da gaɓoɓin jiki ke ji, irin su “zafi”, “sanyi”, “ɗaci”, “zaƙi”, “taushi” da “wari”. Dukkansu gaɓa biyu ne, ta farko mai nauyi, suna ƙarewa da dogon wasalin “i”, kuma maza ne. Da yawa daga cikinsu ana fitar da sifa daga jikinsu ta hanyar ninki, kamar “tattausan ganye” daga “taushi” da “daddaɗan ƙamshi” daga “daɗi”, kuma a misalin na biyu an ga “ƙamshi” a gurbin sunan da ake siffantawa. Kwatanci ma yana tabbatar da haka, domin bayan “fi” suna ake bukata: “wardi ya fi bado ƙamshi”, “wannan ya fi wancan kyau”, ba a cewa “ya fi wancan kyakkyawa”.

Launuka suna da nasu 'yan sharuɗɗa. “Shuɗi” da “kore” sifofi ne masu sigar mace, “shuɗiya” da “koriya”, amma launukan da aka gina da “ruwan”, kamar “ruwan hoda” da “ruwan goro”, ba sa canza siga kuma bayan suna suke zuwa, “fure ruwan hoda”, “furanni ruwan hoda”. Ana ƙarfafa launi da amsa-kama, kowane launi da tasa, “fari fat”, “ja wur”, “kore shar”, ba a musanya su, ana kuma sassauta shi da cikakken ninki, “fari-fari”, “ja-ja”, idan launin bai kai ba. Sifofin da ake samu daga aikatau kuwa cikakku ne, “busasshen fure”, “busasshiyar fulawa”, “busassun furanni”. Ki sa ɗalibai su lura da yadda “s” ke komawa “sh” a gaban “e” da “i”, ya kuma dawo a gaban “a” da “u”, wannan ganɗantawa ita ce ta haɗa “bushe” da “busar”, “dasa” da “dashe”, “reshe” da “rassa”. “Buɗaɗɗen fure” sifa ce da suna, amma a cikin “furen yana buɗe” kalmar “buɗe” bayanau ce mai nuna halin da furen yake ciki, kuma karin sautinta ya bambanta da na aikatau a cikin “furen ya buɗe”.

Aikatau na wannan fanni suna nuna tsarin rukunan aikatau bakwai da Parsons ya shimfiɗa a 1960, kuma “tsinka” ta isa misali. Tana canza wasalin ƙarshe gwargwadon abin da ya biyo ta: “ta tsinki fure” idan karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, suna ne, “ta tsinke shi” idan wakilin suna ne, “furen da ta tsinka” idan babu karɓau a bayanta. “Shaƙa” ma haka, “ya shaƙi ƙamshi”. Daga saiwa ɗaya ake samun “ta tsinke furen”, wato ta raba shi da karansa ɗungurungum, da “ta tsinko mini fure”, wato ta tsinka ta kawo, da “ba ya tsinkuwa”, wato ya gagari tsinka. A lokaci mai ci irin wannan aikatau yana komawa suna ya ɗauki mahaɗi, “tana tsinkar fure”, alhali “dasa” tana nan yadda take idan karɓau ya biyo, “yana dasa fulawa”, sai idan babu karɓau ta ɗauki “-wa”, “fulawar da yake dasawa”. “Buɗe” da “kaɗe” suna aiki da karɓau ko babu shi, “iska ta kaɗe furen” da “furen ya kaɗe”, amma “bushe” ba ta karɓar karɓau, sai an mayar da ita “busar da”, a ce “rana ta busar da furen”. “Tsira” ta fitowar tsiro tana da gajeren wasali a gaɓar farko, “tsira” ta kuɓuta kuwa dogo ne, rubutu bai raba su ba sai jumla.

Idan kina son jumla ɗaya da za ta tattara yawancin waɗannan a kan allo, ki ɗauko ta daga auduga, wadda furenta ke buɗewa da launi mai haske, kashegari ya rine, sannan ya faɗi ya bar ƙwallon da zai zama auduga: “Furen audugar ya buɗe da safe fari-fari, kashegari ya yi ja, sannan ya yi yaushi ya kaɗe.” A cikinta “furen” suna ne da mahaɗi, “audugar” suna ce da madanganci, “ya” na farko ya bi “fure” bai bi “auduga” ba, “da safe” da “kashegari” bayanau ne na lokaci, “buɗe”, “yi” da “kaɗe” su ne kawai aikatau. “Ja” a nan ta zauna bayan “yi”, don haka aikin suna take yi, wato sunan launin, ko da yake sifa ce a cikin “jan fure”. Daga nan ki ce su sa “furannin” a madadin “furen”, za su ga “ya” na farko ya koma “sun”, sauran ukun kuma sun koma “suka”, domin a jerin labari aikin farko ne kaɗai ke ɗaukar sigar “sun”, abin da sigar namiji tilo ta ɓoye musu a rubuce saboda tsawon wasali ne kawai ya raba “ya” na farko da sauran.